Waɗanda Aka Goge Daga Hoto

Ina da wani ɗan ƙanwata da ke zaman shago da kwamfutarsa, yana haɗa wa mutane katin ɗaurin aure, fastar siyasa, kalandar walima da tambarin masu sayar da turare. Hannunsa na da kyau, kowa ya shaida. Ranar da na leƙa shi na yaba wani kati da ya gama, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, ai wannan ba zane ba ne, neman na tuwo ne kawai. Zane na gaske sai ran da Allah ya hore." Muna cikin hira na lura yana aiki a kan hoton wani babban mutum da aka ɗauka a bakin titi. A bayan mutumin akwai yara uku riƙe da robobin bara. Ya danna nan, ya shafa can, kafin in shanye ruwan da ya kawo mini yaran sun ɓace, shuɗin sama da furanni sun maye gurbinsu. Na ce, "Ina yaran?" Ya ce, "Mai aikin ne ya ce a cire su, wai suna ɓata hoton." Da ya faɗi wannan bai sunkuyar da kai ba.

Tun ranar nake juya abin a raina. Kunyar yaron nan ta yi ɓatan hanya, ta je ta tsuguna inda ba a neme ta ba, ta bar wurin da ya kamata ta tsare. Na kuma san ba shi kaɗai ba ne. Da yawanku, ƙannena da 'ya'yana masu cin abinci da basira, haka kuke. Shi ya sa nake so in ba ku labarin wani Ba'amurke, Norman Rockwell, wanda ya shekara 47 yana zana bangon mujalla ɗaya ana biyansa. Batun hukuncin zana surar mai rai na bar wa malamai, fagensu ne. Abin da zan faɗa ya hau kan mai ɗaukar hoto da ɗan jarida, ya hau kan marubuci da mai shirya fim, da duk wanda ake biya don ya nuna wa jama'a wani abu.

An haifi Rockwell a birnin New York ranar 3 ga Fabrairun 1894. Yaro ne siriri mai karkatattun ƙafafu, ga tabarau tun yana ƙarami, yayansa kuwa gwanin wasanni ne da unguwa ke ji da shi. Abin da ya rage masa shi ne fensir. Da dare mahaifinsu kan karanta musu littattafan Charles Dickens a bayyane, shi kuma yana gefe yana zana mutanen da yake ji a cikin labarin. Bai gama sakandare ba ya koma makarantun koyon zane, har ya dire a Art Students League, inda ya faɗa hannun malamai biyu. George Bridgman ya koya masa jikin ɗan Adam, ƙashi da tsoka da gaɓa, har ya zama ya san abin da ke ƙarƙashin riga kafin ya zana rigar. Thomas Fogarty ya koya masa yadda ake yi wa labari hoto ba tare da an ci amanar marubuci ba. Yana ɗan shekara 19 aka ba shi ragamar zane-zanen Boys' Life, mujallar 'yan sikawut ta Amurka. Aikinsa yara ne: yara a zango, yara da kare, yara a bakin rafi.

Amma idonsa na kan Saturday Evening Post, mujallar mako-mako da ake bugawa a Philadelphia, ana sayar da ita senti biyar, tana shiga gidaje miliyoyi. Ku tuna lokacin babu talabijin, rediyo ma bai shiga gidaje ba. Bangon mujallar nan shi ne hoton da ƙasa guda ke kallo a mako. Da ya tashi gwada sa'arsa sai ya zana irin abin da ya ga manya na zanawa, ƙasaitattun mata da samari 'yan gayu, ya nuna wa Clyde Forsythe, mai zanen barkwanci da suke ɗakin aiki ɗaya a garin New Rochelle. Forsythe bai yi masa kara ba. Ya gaya masa abin bai yi ba, ya koma ga yaran da ya iya zanawa. Irin wannan aboki ku neme shi ko da kuɗi. Masu danna muku alamar yabo a waya ba su da iyaka, amma wanda zai dubi aikinka ya ce "sake" ya kuma nuna maka inda ƙarfinka yake, ba kowa Allah ke bai wa ba.

Ya ji magana. Ranar 20 ga Mayun 1916, yana da shekara 22, bangonsa na farko ya fito: wani yaro an ci masa ado da kwat da hula an sa shi tura keken jariri, fuska a murtuke, wasu yara biyu sanye da kayan wasa suna wucewa suna yi masa tsiya. Babu rubutun bayani ko ɗaya, amma duk wanda aka taɓa bar wa reno ana tsaka da wasa ya fahimci komai da kallo ɗaya. An biya shi dala 75. Daga nan har 1963 ya yi wa mujallar bango fiye da 320.

A nan nake so in daɗe, domin nan ne ɗan ƙanwata ya yi kuskuren farko. Rockwell bai taɓa ɗaukar aikin kuɗi a matsayin aikin wucin gadi ba. Ga yadda bango ɗaya ke samuwa a hannunsa. Zai fara da ɗan ƙaramin zanen fensir ya kai wa edita. In an amince, sai ya shiga neman mutanen da za su tsaya masa, ba ƙwararru ba, maƙwabta: wanzami, ɗan sanda, malamar makaranta, yaron gidan gaba. Zai nemo tufafin da suka dace, in tsohuwar riga labarin ke so, tsohuwar da aka sa aka jeme zai nema, ba sabuwar da aka shafa wa ƙasa ba. Shi da kansa zai tsaya gaban mutum ya kwaikwayi fuskar da yake so, ya ɗaga gira, ya buɗe baki, har mutum ya saki jiki. In yana son a ga kamar yaro na tafiya, sai ya tokare masa diddige ko yatsu da littattafai. Bayan haka ya yi cikakken zane da gawayi, girmansa daidai da na hoton ƙarshe, ya warware duk wata matsala a nan. Sannan ƙaramin gwajin launi. Sai a ƙarshe ya ɗauki fentin mai. Duk wannan don takardar da za a karanta mako guda a ɗaure kaya da ita. Kusan kullum yana ɗakin zane, har ranakun hutu, yana share ɗakin da wanke buroshi kamar mai tsoron ƙura za ta kai ƙararsa.

Ku dubi katin bikin da ke gabanku da wannan ido. Ƙwarewa ba ta jiran ranar "aikin gaske". A kan katin nan da kake rainawa ake koyon inda ido ke fara sauka, da launin da ke kashe ɗan'uwansa, da yadda ake cika alkawari ranar da aka ce. Wanda ya saba ha'intar ƙaramin aiki, ran da babba ya zo hannunsa ha'incin zai tuna, don shi ya sani.

Shi ma Rockwell yana da tasa ɓatacciyar kunyar. Wajen tsakiyar shekarun 1930 ya fara ɗaukar mutanensa a hoto maimakon tsayar da su awanni, yana kuma haska hoton da wani irin majigi a kan takarda ya bi layin yana gyarawa. Da bakinsa ya ce yana jin kunyar na'urar, har yakan ɓoye ta in ya ji tafiyar baƙi. Abin dariya. Kyamara ba ta zaɓo masa labari ba, ba ta gaya masa wace fuska za ta sa mutum murmushi ba. Kayan aiki ne, kuma su suka ba shi damar kama motsin da babu mai iya riƙewa minti biyar. Wanda ya fi shi suna a lokacin ƙuruciyarsa, J. C. Leyendecker, wanda Rockwell ke bi a baya a titunan New Rochelle don sha'awa, shi ma ya yi wa mujallar bango fiye da 320. Amma da kiɗa ya sauya rawarsa ba ta sauya ba. Bangonsa na ƙarshe ya fito a farkon 1943, ya mutu a 1951 duniya ta juya masa baya, Rockwell na cikin 'yan tsirarun da suka ɗauki akwatin gawarsa. Don haka kada wani ya sa ku jin kunyar sabon kayan aiki. Ku dai tabbata in an ɗauke wuta akwai abin da ya rage a hannunku.

Ganiyarsa ta zo lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A Janairun 1941 Shugaba Franklin Roosevelt ya yi jawabi ya lissafa 'yanci huɗu da ya ce kowane ɗan Adam ya cancanta: faɗar albarkacin baki, yin addini, kuɓuta daga rashi, kuɓuta daga tsoro. Manyan kalmomi ne, irin waɗanda ake tafa wa a manta. Rockwell ya daɗe yana neman yadda zai mayar da su hoto ya rasa, sai da ya tuna wani taron gari a Arlington ta jihar Vermont, ƙauyen da ya koma a 1939. Wani maƙwabcinsa ya miƙe a taron ya faɗi ra'ayin da kusan kowa bai yarda da shi ba, aka bar shi ya gama, babu wanda ya yi masa ihu. Shi ke nan ya samu. Ya zana ma'aikaci da tsohuwar rigar aiki, hannuwa duk kanta, a tsaye tsakanin masu kwat da laktaye, su kuma sun ɗago kai suna saurare. Ya kai zanen gwaji Washington, ofisoshin gwamnati ba su karɓa ba, sai editan mujallarsa Ben Hibbs ne ya ce a yi. Wata bakwai ya yi a kan hotunan huɗu, har ya rame. Da suka fito a 1943, gwamnatin da ta ƙi su ta dawo ta zaga da su birane 16, aka sayar da takardun lamunin yaƙi na sama da dala miliyan 130. A shekarar ce kuma gobara ta cinye ɗakin zanensa da tufafin da ya shekara da shekaru yana tarawa. Ya sake wani ya ci gaba.

To yanzu ku sake duban hotunan huɗun nan ku ƙirga fuskoki. Baƙar fuska ɗaya ce, wata mata a can kusurwar hoton ibada, sai ka lura za ka gan ta. Wannan kuwa a yaƙin da baƙaƙen Amurka sama da miliyan ɗaya suka sanya kakin soja, a rundunonin da aka ware su daga farare, suna yaƙi don 'yancin da a garuruwansu na kudu ba su da shi. Ba mantuwa ba ce. Mujallar tana da ƙa'ida tun zamanin babban editanta George Horace Lorimer: ba a nuna baƙar fata sai a matsayin mai hidima. Shi ya sa a wani bangon 1946 za ka ga dattijo baƙi yana tsaye da kayan masu raba abinci a jirgin ƙasa, yana murmushi ga yaro fari da ke lissafin kuɗinsa. Kyakkyawan hoto ne, mai taushi, kuma nan ne iyakar inda aka yarda dattijon ya tsaya. Rockwell da kansa ya ba da labari a ƙarshen rayuwarsa cewa an taɓa sa shi ya shafe wani baƙar fata daga cikin hoton taron mutane. Ya shafe.

Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Gaskiya ne, kuma ba zan zauna a inuwa in ce muku ku yi watsi da mai biyanku ba, alhali ba ni zan ciyar da ku ba. Rockwell na da mata da 'ya'ya uku. Matarsa Mary ta yi fama da ciwon damuwa da shaye-shaye, har a 1953 suka koma Stockbridge ta jihar Massachusetts don kusa da asibitin da ake duba ta, shi ma ya shiga ganin masanin halayyar nan Erik Erikson saboda nasa ƙuncin. Kuɗin magani na ci, shi kuwa yana zana iyalai masu fara'a a bakin teburin abinci. Ashe ba baƙaƙe kaɗai aka goge daga hotunan ba, har da gidansa. Ku riƙe wannan duk lokacin da hotunan wasu a waya suka sa kuka raina rayuwarku. Amma fa karin maganar aski ta ce, ba ta ce ka rantse wa duniya cewa kuturun lafiyarsa ƙalau ba. Akwai bambanci tsakanin yi wa mutum aikin da ya biya da taya shi ƙarya. Illar gogewa kuwa ba a hoto ɗaya take tsayawa ba. Mako bayan mako, shekara arba'in da ɗoriya, miliyoyin mutane na ganin ƙasarsu ba tare da wani sashe na mutanenta ba, har idonsu ya saba, suka daina jin akwai wanda ya ɓace. Mai gogewar ma idonsa sabawa yake yi. Wannan ne abin da ya tsorata ni a shagon ɗan ƙanwata: ba cire yaran ba, saurin da hannunsa ya yi.

Ba zan yi muku ƙarya in ce Rockwell ya tashi wata safiya ya yi murabus don kishin gaskiya ba. Mujallar ce ta fara tangal-tangal, talabijin ta janye masu talla, sababbin shugabanni suka fi son ya riƙa zana fuskokin manyan mutane. Mary ta rasu a 1959, ya auri Molly Punderson, tsohuwar malamar makaranta mai ra'ayin sauyi, a 1961. Bangonsa na ƙarshe ya fito a Disambar 1963, hoton Shugaba Kennedy da aka buga bayan an kashe shi. Ya koma mujallar Look, wadda ba ta da waccan ƙa'ida.

Abin da ya fara ba su ya fito ranar 14 ga Janairun 1964, a shafi biyu na tsakiya, yana gab da cika shekara 70. Labarin Ruby Bridges ne, yarinya 'yar shekara shida da ranar 14 ga Nuwambar 1960 ta shiga makarantar firamare ta William Frantz a New Orleans, wadda a da ta farare ce zalla, jami'an tsaron gwamnatin tarayya huɗu na rakiyarta saboda taron da ke zagi a ƙofa. Iyaye suka kwashe 'ya'yansu, ta shekara ita kaɗai a aji da malama ɗaya, Barbara Henry. Ku nemi hoton ku gani, gani ya kori ji. Yarinya cikin farar riga tas, farin takalmi, riƙe da littafi da rula, tana tafiya kai a miƙe. Jami'ai biyu a gaba, biyu a baya, an yanke hoton daidai kafaɗunsu, ba a ganin fuskar kowa sai tata. A bangon da ke bayanta an rubuta zagin ƙabilanci, ga tumatir da aka jefa ya fashe, ruwansa na gangarowa kamar jini. Masu jifan ba sa cikin hoton, domin inda suke tsaye nan mai kallo yake tsaye. Duk dabarar da ya koya a kan yara da karnuka da keken jariri tana nan: ƙafar da aka tokare don a ga tafiya, launin da ke jan ido zuwa wuri ɗaya, labari ba tare da kalma ba. Da bai yi wa ƙananan ayyuka hidima shekara hamsin ba, da ranar nan ta zo ta same shi da zuciya babu hannu. Kuma da yake shi ne, mutumin da gidajen farare suka yarda da shi tun kakanni, hoton ya shiga falon da mai zanga-zanga ba zai taɓa shiga ba. Wasiƙu suka yi ta zuwa, na yabo da na zagi, har da masu kiransa maci amanar jinsinsa.

Da tsohuwar zuma ake magani, haka ne. Sai dai ni ina ganin ya makara, kuma ina faɗar haka da girmamawa. Kotun ƙolin Amurka ta haramta wariya a makarantu tun 1954. Ruby ta yi tafiyarta a 1960. Hoton bai zo ba sai da aka shekara uku, bayan ya bar masu biyansa na farko. Mutumin da sunansa ke sayar da mujalla yana da ƙarfin da zai ce a'a tun kafin nan fiye da yadda ya yi amfani da shi. Ku kuma babu wanda ya ba ku takardar cewa za ku kai saba'in. Ba cewa nake ku yi faɗa da kowane mai aiki ba. Ka iya cewa, "Ranka ya daɗe, a sake ɗaukar wani hoton a wani wuri mana, ya fi a goge mutane." Ka iya ajiye ainihin hoton. Ka iya ware yini ɗaya a mako ka yi aikin da babu mai gaya maka wa za ka cire. In ma dole ta sa ka goge, to ka san ka goge, ya dame ka har ka kwanta.

A 1965 Look ta ba shi aikin zana kisan matasa uku masu fafutukar 'yancin baƙaƙe, James Chaney da Andrew Goodman da Michael Schwerner, waɗanda aka kashe a jihar Mississippi a Yunin 1964. Ya fara da zanen gwaji cikin sauri, da zafin rai: ɗaya a ƙasa, ɗaya a tsaye yana riƙe da na ukun da ke sulalewa jina-jina, inuwar makasan na shigowa daga gefe. Sannan ya yi yadda ya saba, ya shafe makonni yana gyara, yana daidaita kowane lungu, ya aika da kammalallen hoto. Editocin suka ajiye kammalallen suka buga na gwajin. Daga baya ya yarda sun fi shi gaskiya, ya ce kafin ya gama gyaran, fushin da ke cikin na farkon duk ya tsiyaye.